Ku Tambayi Anti: "Ta zana kanta fara tas, da shuɗin ido"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo wannan karon, duk daga nan Saudiyya, kuma ba shirya su na yi ba, haka suka shigo kusan lokaci guda a kan abu ɗaya, wato yaranmu mata da zane da wayar da ke hannunsu. Ta farkon ce ta fi cin wuri saboda ita ce ta hana ni barci.

TAMBAYA TA FARKO

Anti barka da aiki. Ni iyayena mutanen Kano ne amma a Jidda aka haife ni, nan na yi aure nan na haihu. Ina da yarinya 'yar shekara 13, Allah ya ba ta hannu, tun tana ƙarama duk takardar da ta samu sai ta zana abu a kai, ko bayan kwalin shayi ba ta bari. Bara babanta ya saya mata iPad na hannu saboda karatu, to yanzu a kai take zanen. Abin da ya dame ni duk matan da take zanawa iri ɗaya ne, farare tas, idanu sun cinye rabin fuska, hanci ɗan ɗigo, gashi ruwan hoda ko ruwan gwal har gadon baya, ga ribon ga fulawa ko'ina. Ban ce komai ba sai ranar da ablarsu, wato malamarsu, ta ce kowacce ta zano kanta, ta kawo min in gani, wallahi Anti ban gane ta ba. Yarinyar nan baƙa ce kamata, mai wushirya, kullum da kitso a kanta, amma ta zana wata fara mai shuɗin ido ta rubuta sunanta a ƙasa. Na ce wannan wace ce, ta ce ni ce mana Ummi, ai haka ake yi, in aka zana baƙa hoton ba ya fita. Na shiga ɗaki na yi kuka. Kakarta ta ce dama zanen mutum haramun ne, a ƙwace abin kowa ya huta. Babanta ya ce yarinta ce za ta daina. Ni kuma na rasa na kamawa, ina tsoron gobe in ga ta fara shafa man bilicin. Don Allah me zan yi?

Wata uwa, daga Jidda

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kukan da kika yi na gane shi, kuma ba ki yi shi a banza ba, kin ga abu ne da gaske. Amma kafin komai ina roƙonki kar a ƙwace mata abin zanen nan tukuna. In kika ƙwace, hoton da ke cikin kanta yana nan yadda yake, abin da kawai kika rasa shi ne tagar da kike leƙawa kina ganin abin da take tunani a kan kanta. Uwaye nawa ne 'ya'yansu ke ɗauke da irin wannan tunanin ba su sani ba sai ranar da suka tsinci kwalbar mai a ƙasan katifa? Ke taki ta zana miki a takarda ta miƙo miki da hannunta.

Ki sake sauraren maganar da ta yi. Ba ta ce ni mummuna ce ba. Cewa ta yi "ai haka ake yi", da kuma "hoton ba ya fita". Maganar mai koyon sana'a ce wannan, wadda ta koyi ƙa'ida a wani wuri ta ɗauka ita kenan ƙa'idar duniya. Hannun mai zane abin da ido ya fi gani yake maimaitawa, kuma yarinyarki ta ga wannan fuskar ta fi sau dubu. Irin zanen da kika kwatanta min, manyan idanu da ɗigon hanci da gashi mai kala, salon katun ɗin Japan ne da suke kira anime, kuma a ƙasashen Larabawa ya daɗe da zama ɗan gida, tun tashar Spacetoon da aka buɗe a shekarar 2000 yaran nan suke shan sa da Larabci, ke kanki ƙila da shi kika tashi. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne wayar. Da katun awa ɗaya ne da la'asar a kashe talabijin, yanzu kuwa in yarinya ta tsaya daƙiƙa biyar a kan hoton wata mai gashi ruwan hoda a TikTok ko Pinterest, manhajar ta riƙe, gobe ta kawo mata guda hamsin irinsa, jibi ɗari, har ta ɗauka duk duniya haka ake zana mace. Bidiyoyin koyon zane da take bi su ma haka, mai koyarwa zai ce yanzu mu sa kalar fata, sai ya ɗauko wannan launi mai kama da cikin gwanda da bai gama nuna ba, bai ce kalar fatar wasu ba, kalar fata kawai ya ce. Wannan tsohon abu ne, kamfanin Crayola na Amurka ya yi shekaru yana rubuta sunan "fata" a jikin wannan kalar guda ɗaya, sai a 1962 ya sauya mata suna, kuma sai a 2020 ya fito da kwali mai kala 24 na fatar mutane daban-daban. Kin ga yarinyarki ta shigo cikin abin da ya girmi kakarta.

Sai kuma filta. Nan Saudiyya Snapchat kamar ruwan sha ne, ke ma kin sani, ko gaisuwar salla ta nan ake yi. Ki buɗe kyamarar ki danna ɗaya daga cikin filtocin kwalliyar nan ki kalli abin da yake yi wa fuskarki a hankali: yana rage faɗin hanci, yana ƙara ido, yana tsuke haɓa, yana ɗan haska fata, abu huɗun da yarinyarki ta yi wa kanta a zane kenan, ba ta ƙara ko ɗaya daga kanta ba sai shuɗin idon. A 2023 TikTok ya fito da wani filta mai suna Bold Glamour wanda ko kin goga hannu a fuska ba ya gocewa, ba ka gane an sa, kuma a ƙarshen 2024 su da kansu suka ce za su taƙaita irin waɗannan filtoci ga 'yan ƙasa da shekara 18. Kafin nan a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. To damuwarki masu abin ma sun san da ita.

Amma zan faɗi wata gaskiya mai ɗaci, kuma da ni da ke duk ta shafe mu. Wayar ta tarar da ƙasa a jiƙe ne. Ki tuna littattafan soyayyar da muka karanta muna 'yan mata, waɗanda ake kawo mana daga Kano a cikin kayan alhazai muna karɓa-karɓa, yaya ake siffanta yarinyar labarin? Fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, in ka gan ta sai ka rantse Balarabiya ce ko 'yar Indiya. Baƙar kuwa ita ce kishiya ko 'yar aiki. In aka yi haihuwa mata suka zo barka, abin da ake fara dubawa kunnen jaririya ne a ga ko za ta rine. Sau nawa aka ce a gabanki "baƙa ce amma kyakkyawa", wannan "amma" ɗin yara suna jin ta fiye da yadda muke zato. Ga kuma namu na musamman mu mazauna nan. Yarinyar da aka haifa a unguwar Karantina ko Sabil a Jidda ko Shari'il Mansur a Makka, ana ce mata Takari a makaranta, in ta kalli allunan talla a titi ko a mol ba ta ganin mai kama da ita, in ta kalli finafinan gida Najeriya nan ma taurarin yawancinsu sun fi ta haske, wasu da halitta wasu da mai. Ta duba nan babu ita, ta duba can babu ita. A shekarun 1940 wasu masana baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa yara baƙaƙe 'yartsana fara da baƙa suka ce wacce ce mai kyau, da yawansu suka nuna farar, kuma wannan binciken har kotun ƙolin ƙasar ta yi la'akari da shi a 1954. Lokacin babu waya babu intanet.

To me za a yi. Ni abin da na gani da idona ya yi aiki shi zan gaya miki.

Ina da 'yar ƙanwa a Makka, ita ma haka ta yi, littafin zanenta guda na buɗe na ƙirga fuska ta fi talatin duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Ban yi mata faɗa ba, cewa na yi ina so ki zana min Hajiya, kakarsu, zan biya ki riyal ashirin, amma sharaɗi ki zauna a gabanta ki ajiye waya a ɗaki. Ta zauna a tsakar gida bayan la'asar, Hajiya na ɓare gyaɗa a faranti. Minti goma na farko hannunta ya tafi inda ya saba, ta yi manyan idanu ta yi ɗigon hanci, ta ɗaga kai ta kalli tsohuwar ta kalli takardar, ta yi tsaki ta goge. Sai na ga ta yi shiru ta daɗe tana kallo kawai. Can ta ce Anti ashe hancin Hajiya ɓari ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Can kuma ta ce ashe goshinta ba baƙi ba ne, akwai shuɗi-shuɗi a wurin da haske ya sauka. Ta zana tsagar da ke kumatun Hajiya layi-layi tana ƙirgawa, ta tambaye ta wa ya yi mata, ranar ta fara jin labarin garin da kakarta ta baro da yadda iyayenta suka biyo ta Sudan suka tsallaka teku. Zanen bai yi kyau irin na intanet ba, kunne ɗaya ya karkace, amma duk wanda ya shigo gidan ya gani sai ya ce lah, Hajiya. Kuma wannan "lah, Hajiya" ɗin babu ɗaya cikin fuskoki talatin ɗin can da ta taɓa samo mata shi.

Ki yi mata haka. Ki ce ta zana ki kina tankaɗe, ta zana hannun kakarta da carbi, ta zana kan ƙanwarta ta baya da shuku ko kalaba, kitso abu ne mai wuyar zanawa kuma yara masu hannu suna son abu mai wuya. Kar ki fara da cewa ta zana kanta, wannan wurin da ciwo, ki bar shi ya zo da kansa.

Sannan maganar "ba ya fita" ɗin nan, ki yarda da ita rabi, saboda a iya abin da ta sani gaskiya ta faɗa. Mai koyo in zai yi baƙar fata sai ya ɗauki baƙi ko ruwan ƙasa guda ɗaya ya shafe fuskar, sai ido da baki su nutse hoton ya mutu. Ba wanda ya koya mata cewa fatarmu haɗi ake yi mata, ja da ruwan ɗorawa da ɗan shuɗi kaɗan, inuwar ta karkata wajen shunayya, kuma hasken da ke sauka a goshi da karan hanci da saman kumatu shi ke fitar da siffar, hasken ya fi fitowa a baƙar fata fiye da fara shi ya sa in an iya ta take sheƙi kamar an shafa mata man kaɗe. Ki kai ta maktaba, wato shagon kayan rubutu, ki saya mata kalolin ruwan ƙasa iri-iri ko da guda shida ne, ki sa ta gwada su a takarda ta ɗora hannunta a gefe ta nemo nata. Ku zauna tare ku nemo hoton Michelle Obama da Amy Sherald ta zana a 2018, da ayyukan Njideka Akunyili Crosby 'yar Najeriya da ake sayen zanenta da miliyoyin daloli, da na Kamala Ibrahim Ishaq ta Sudan wadda aka haifa a Omdurman a 1939 ta shafe shekaru tana zana fuskokin mata. In ta fara tsayawa a kan irin waɗannan, manhajar nan da ta cika mata ido da farare ita ce dai za ta fara kawo mata baƙaƙe, ba ta da ra'ayi, abin da aka tsaya a kai take bi.

Kuma kina Jidda, kina da abin da na Kano ba su da shi. Safiyya Binzagr a garin nan aka haife ta a 1940, ta yi ƙuruciya a Masar ta yi karatu a Ingila, ta ga duk salon Turawa, da ta dawo ta ga tsofaffin al'adun Hijaz na ɓacewa sai ta zauna tana tambayar tsofaffin mata yadda ake ɗaura kaza yadda ake kai amarya, tana zanawa. A 1968 ita da Munira Musalli suka baje zanensu a wata makarantar 'yan mata a Jidda, lokacin babu wani zauren nuna zane a garin. Hotonta da ya fi shahara, wata mace zaune cikin rigar zabun ta matan Hijaz, a 1969 ta yi shi. Ta rasu a 2024, Allah ya jiƙanta, ta bar gidan ajiye ayyukanta a nan Jidda. Abin da nake so yarinyarki ta ɗauka daga wurinta shi ne matar nan matan gidansu ta zana, kuma da su duniya ta san ta. Matan gidanmu mu kuwa, masu ƙosai da asuba, masu kitso a soro, masu saƙa hula, tsofaffin da suka yi shekara hamsin a Makka Hausarsu ba ta goge ba, wa ya zana su? Ni dai duk yawon da na yi a wuraren nuna zane na garin nan, har bikin fasahar Musulunci da aka fara a 2023 a tashar alhazai ta filin jirgi, ina ta duba bango ina neman fuskar gyatumata.

Batun Kaka kuma, kar ki yi jayayya da ita a gaban yarinya, kuma kar ki ɗauki maganarta da wasa, hadisan da suka yi magana a kan surar mai rai suna nan, malamai kuma sun yi bayani mai faɗi a kan me ya shiga ciki me bai shiga ba, da abin da aka sassauta wa yara kamar 'yartsanar da Nana A'isha ta yi wasa da ita. Ku je wurin malamin da gidanku ya yarda da shi, ke da babanta, ku bi abin da ya ce. Ko da ya ce a bar fuska, hannun yarinyar bai tashi a banza ba. Akwai 'yan mata Musulmi da yawa da ke zana mutum ba ido ba baki kuma kana gane wace ce daga ɗaurin ɗankwali da kalar fata da yadda ta zauna. Akwai zanen bango na matan yankin Asir a kudancin Saudiyya, wanda ake kira ƙaɗɗ, layuka ne da kusurwoyi da kaloli babu mai rai ko ɗaya, mata ne ke yin sa a cikin ɗakunansu uwa ta koya wa 'ya, UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2017. Mu ma muna da dagi da aska takwas da zanen gaban gida irin na Zariya da Kano.

Abu na ƙarshe, hoton nan mai shuɗin ido kar ki yaga kar ki ɓoye. Ki ajiye shi ki rubuta kwanan wata a baya. Kuma ki kula da bakin mutanen gidan, har da naki, ranar da wata baƙuwa ta ce "kai yarinyar nan ta ƙara baƙi" ki ba ta amsa a gaban yarinyar, da fara'a amma ki ba ta.

TAMBAYA TA BIYU

Anti ina wuni. Shekarata 17, a Makka nake, ina yin lalle tun ina 12, wurin innata na koya. Na buɗe Instagram ina sa aikina. Na lura in na yi wa Balarabiya ko wata fara na sa hoton sai mutane su yi ta so suna tambayar nawa ne, in na yi wa 'yan unguwarmu baƙaƙe ko hannuna sai shiru, alhali aikin ɗaya ne wani ma ya fi kyau. Yanzu har na fara haska hotunan kafin in sa. Kuma amare duk hoto suke zuwa da shi a jawwal, wato waya, su ce wannan nake so, ɗan siriri irin na Dubai ko farin lalle, ba mai son irin na innata kuma, suna cewa na tsofaffi ne. Ni kuma shi na fi so a raina. Shin in bar shi ne in bi abin da ake yayi? Kuma wata ƙawata mai zane a iPad ta ce lalle ba fasaha ba ce shugul ne kawai, wato aikin neman kuɗi, abin ya tsaya min.

Ɗiyarki, daga Makka

AMSA

Ɗiyata lafiya lau, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Bari in fara da ƙawarki don in cire miki ƙayar. Ita in ta yi kuskure tana danna maɓalli layin ya koma, ke kuwa kina zane a kan abin da ke numfashi yana motsi yana gumi, ba magogi, amarya na waya da hannu ɗaya ƙawayenta na ture ki, kuma dole hagu ta yi daidai da dama. A ƙarshen 2024 UNESCO ta sa lalle cikin kayan gadon ɗan Adam, ƙasashen Larabawa 16 ne suka shigar da shi tare har da Saudiyya da Sudan. Cewa ana biyanki kuwa ba ya rage komai, Ladi Kwali tukwane ta gina ana saye, ga ta nan a bayan naira ashirin.

Haska hoton nan ki daina, yau ba gobe ba. Dalilina biyu. Wadda kika yi wa lallen za ta ga hannunta a shafinki an sauya masa kala, kuma za ta gane abin da kike gaya mata ko ba ki buɗe baki ba. Ƙanwarta 'yar shekara goma ma za ta gani. Na biyun kuma matsalar sau da yawa daga ɗaukan hoton ne. Kyamara tun asali da farar fata aka daidaita ta, kamfanin Kodak shekaru da yawa hoton wata Baturiya yake rarraba wa masu wankin hoto su gwada kala da shi, kuma har yau wayar da ke hannunki in ta ga baƙin hannu a kan farin zani sai ta bi hasken zanin ta bar hannun a duhu. Ki daina ɗauka da dare ƙarƙashin farin fitilar silin. Ki kai hannun bakin taga da hantsi, ki shimfiɗa atamfa ko laffaya mai duhu-duhu a ƙasa, koriya ko ruwan goro, ki shafa ɗan mahallabiya fatar ta ɗau sheƙi, ki taɓa fatar a allon wayar don hasken ya daidaita a kanta sannan ki ɗauka. Ki gwada sau ɗaya ki gani.

Irin na Dubai kuma ki iya shi, ki yi wa mai so, abincinki ne kuma ba laifi a ciki. Amma ki lura da wani abu da innarki ta sani ko ba ta taɓa faɗa ba. Wannan siririn zanen mai kamar zaren gizo an yi shi ne don fatar da jan lalle ke fita a bayanta. A hannu irin nawa da naki kwana biyu ya ɓace, amarya ta biya kuɗi a banza. Shi ya sa iyayenmu suka yi nasu da kauri, manyan fulawa da fili a tsakani, jan lalle a tafi da yatsu da ƙafa inda fata ke da haske ya kama ya yi jawur, ko a yanka salatif a fitar da layuka masu kaifi, kafin nan ma a cusa hannu a zunguru a kwana da shi. Sun duba fatar ne suka yi mata abin da ya dace da ita. Farin lallen da ake yayi shi ba lalle ba ne ma, fenti ne na jiki da ake yi don hoto, wanka ɗaya biyu ya tafi. In amarya ta miƙo miki jawwal ki ce to, sannan ki ce bari in ɗiga miki nawa a yatsa ɗaya ki gani a fatarki, da yawa za su canza ra'ayi da kansu. Kuma tunda muna maganar, ki yi hankali da baƙin da ake haɗawa da dayis na rina gashi, akwai sinadarin da ake kira PPD a ciki, yana ƙona wasu har ya bar tabo shekara da shekaru, ki riƙa gwadawa a ɗan wuri tukuna.

Ki sayi littafi mai farar takarda ki zaunar da innarki ta zana miki duk irin da ta sani, kowanne ki rubuta sunan da take kiran sa da wurin wadda ta koya, Kano ne ko Maiduguri ko wurin 'yan Sudan. Masu irin na Dubai a Instagram sun fi dubu, kina shiga cikinsu kin ɓace, wannan littafin kuwa ke kaɗai za ki mallake shi.

TAMBAYA TA UKU

Anti ni yaya ne, ƙanwata 'yar 15 ta mayar da ɗakinsu ruwan hoda tun daga labule har burushin haƙori, ta manna hotunan mawaƙan Koriya, duk zanenta su ne. Mahaifinmu ya rasu ni ne babba. In karɓe wayar?

Wani yaya, daga Madina

AMSA

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku ya taya ka riƙo. Ruwan hodar kar ya dame ka, yayi ne, ya ƙaru tun 2023 da aka yi ta tallar fim ɗin Barbie ko'ina, mawaƙan Koriyar kuma har Riyad an kawo su sun cika fili a 2019 da 2023, ba ita kaɗai ba ce. Mu ma a shekarunta jeren kwanuka da tasoshi a ɗakin amarya muke tsayawa kallo muna cewa nawa zai fi haka. Abin da za ka sa wa ido daban ne: ta rage cin abinci? tana ƙin a ɗauke ta hoto sai da filta? ta fara tambayar man haske? tana kwana a waya har asuba? In akwai ɗaya daga ciki ka gaya wa mahaifiyarku ku zauna da ita. In babu, ka sa dokar ajiye waya a falo ƙarfe goma na dare, kai ma ka ajiye taka a wurin. Sannan ka ɗauko hular mahaifinku da carbinsa da tabaransa ka jera mata a kan darduma, ka ce kana so ta zana maka su za ka rataye a ɗakinka.

Masu son aiko da tambaya ƙofa a buɗe take, kuma uwar nan ta Jidda don Allah ki sake rubuto min bayan wata biyu, ina so in ji wa yarinyar ta fara zanawa, ke ko Kaka.